Kwas Na Shida — Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo tun safe, wai na bar Nazerke a tsaye na tafi shan shayi, to ga ta nan, ku sassauta min. Ke kuma da kika rantse in aka kori yarinyar nan za ki bar zauren nan, 'yar uwa gyara zama tukuna.

*

Awa huɗu ce daga Almaty zuwa ƙauyensu, amma Nazerke ba ta san yadda suka wuce ba. Tun da ta shiga motar haya muryar Malama Zauresh ce kawai take yi mata amsa-kuwwa a kunne.

"Wane wata aka haife ki?"

"Yuli, Malama."

"Madalla. Karanta min layi na uku."

Ta karanta. "Ranar da naƙudarki ta kama ni dusar ƙanƙara ta toshe hanya, sai a keken doki aka kai ni asibitin gandun gwamnati."

"Dusar ƙanƙara a Yuli." Malama ta cire tabarau ta ajiye. "Asibitin nan ma na bincika, shekara bakwai da rufe shi kafin ki zo duniya. Ina muryar da na ce kowa ya naɗa?"

"Mahaifiyata ta ƙi yarda in naɗa, Malama. Wallahi abin da ta faɗa min a waya na rubuta. Saura awa biyu a rufe karɓa, ban ko tsaya na sake karantawa ba."

"Nazerke, shekarata goma sha shida ina koyarwa, na san aikin da aka zauna a ɗaki aka ƙirƙira. Gobe ƙarfe goma kwamiti zai zauna. Ki zo da mahaifiyarki ta amsa tambayoyin nan a gabansu, ki haɗo da shaidar asibiti. In ba haka ba, ba abin da zan iya yi miki."

Shi ke nan fa. Injiniyancin mai shi ne babban fanninta a jami'a, Yaya Serikbol ya zaɓa mata, ita ko ƙanshinsa ba ta so. Abin da ranta ke so shi ne ƙaramin fannin da ta ɗora a kai, ilimin halayyar ɗan Adam, kwas shida cif. Ta ci biyar a shekara biyu, wasu da hawaye. Wata cibiyar yara masu jinkirin magana ta riga ta yi mata alkawarin aiki, sharaɗin kawai ta kawo takardar gamawa. Saura kwas na shida, aikinsa kuma ba wani abu ba ne, kowa ya je ya yi hira da uwarsa a kan cikinsa, haihuwarsa da shekararsa ta farko. Aikin da 'yan ajinsu suka gama suna dariya, shi ne zai sa a buga mata tambarin maguɗi a takarda, ƙaramin fannin ya tafi, aikin cibiya ya bi shi.

Da azahar ta tura ƙofar gida.

Kulpash Apa na zaune a kan shimfiɗa a can saman tebur, inda take zama tun Nazerke na rarrafe, da farin ɗankwalinta da carbi. Shekararta saba'in. Kowa a ƙauyen ya san Nazerke kyautar tsufa ce, Allah ya ba Apa ita tana da arba'in da tara. A ƙarshen tebur kusa da ƙofa, Lazzat, matar Yaya Serikbol, tana gefen butar shayi.

"A'a! Autata ce da tsakar mako?" Apa ta ware hannuwa. "Zo nan in shinshina goshinki. Kin rame. Me suke ba ku a birnin nan, takarda?"

"Sannu da hanya 'Yar Gata," in ji Lazzat a hankali. Matar wa ba ta kama sunan ƙanwar miji, tun da Nazerke ta yi wayo da wannan sunan take kiranta.

"Yauwa Jenge," ta amsa, yadda ake kiran matar yaya.

Ko takalmi da ƙyar ta cire. Ta zube a gaban Apa ta riƙe gwiwoyinta.

"Apa, za su kore ni."

"Su wa? Uban wa zai kore ki?"

"Hirar nan da muka yi a waya. Sun ce ƙarya na rubuta. Apa, don Allah ki shirya mu tafi yau, gobe ki gaya musu da bakinki."

Tsohuwa ta janye ƙafafunta.

"Ni? In je gaban yaran da na yi jika da su, su titsiye ni yadda na haihu? Karatun ne ya ce a cire wa mutum kunya?"

"Minti goma ne kawai."

"Gwiwoyina ba za su kai ni Almaty ba."

"Watan jiya kika je biki har Shymkent, Apa. Har rawa kika yi."

"Wannan biki ne." Ta juya ga ƙarshen tebur. "Kelin, zuba wa yarinya shayi, kin tsaya kina kallonmu kamar yau kika fara ganinmu."

Shekara ashirin da biyu a gidan, har yau sunan Lazzat a bakin Apa bai wuce Kelin ba, matar ɗa. Ta miƙo kwanon shayi da hannu biyu. Nazerke ta karɓa, sai ta ji zafi a yatsa. Kwanon cike yake har baki. Jengen da ko barci take ba ta wuce kurɓi uku a kwano, don cika wa mutum kwano kora ce, yau ita ce hannunta ya zarce.

Nazerke ba ta da lokacin lura. Ta ajiye.

"To katin asibitina. Yana ina?"

"Ɓera ya cinye."

"Apa!"

"Ko gobara ce, na manta. Kin ga, ni ban san abin da kike so da wannan karatun karanta zuciyar mutane ba. Yayanki ya ce mai, ki tsaya a kan mai. Wanda ya iya haƙo mai ba ya kwana da yunwa."

"Shekara biyu, Apa. Shekara biyu ina ɗaukar kwas a kan kwas, wasu suna hutu ni ina ɗakin karatu. Saura ɗaya. Ɗaya tak! Kuma ba faɗuwa zan yi ba, ɓarauniyar aiki za a rubuta min. Duk inda na kai takardata shi za a fara gani."

Kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ya neman izini. Ta share da bayan hannu, ta zaro takardar tambayoyin daga jaka. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake.

"To mu sake. Mu gyara tun daga nan. Ki nutsu ki tuna, ni zan rubuta. Ba dusar ƙanƙara, ko? Kuskure kika yi. Na Yaya Serikbol kika ba ni, shi aka haifa a Janairu."

"To. Nasa ne. Tsufa ne."

"Yauwa. Nawa fa? Wane asibiti?"

"Na gari."

"Ƙarfe nawa?"

"Da safe. Ko da hantsi."

"Nauyina?"

"Kilo huɗu. Duk 'ya'yana manya nake haifa."

"Biyu da ɗari bakwai."

Ba Apa ce ta faɗa ba.

Nazerke ta waiwaya. Jenge kanta a sunkuye yake, idonta a kan buta, kamar butar take wa magana.

"Biyu da ɗari bakwai," ta maimaita. "Biyar saura kwata na yamma. Ana wani irin zafi, tagogin ɗakin duk a buɗe. Ba ta yi kuka ba da ta faɗo, sai da ungozoma ta murza mata baya."

"Kelin."

"Cibiya ta naɗe mata wuya sau ɗaya."

"Kelin! Shayi ya huce. Tashi ki fita."

Lazzat ta miƙe. Ta ɗan rusuna kamar yadda take yi kowace safiya, ta fita ta ja ƙofa.



Nazerke ta so ta yi dariya. Ta so ta ce ai Jenge tana gidan lokacin, sabuwar amarya ce, ita ta raka Apa asibiti, shi ya sa ta riƙe. Bakinta har ya buɗe zai faɗa. Amma kwas biyar ba wasa ba ne. An koya mata sauraren murya, an koya mata kallon hannun mai magana. Wanda ya raka wani asibiti ba ya riƙe biyar saura kwata har shekara ashirin da ɗaya.

Kaico, Nazerke. Ta haddace yadda jinjiri ɗan kwana shida ke gane ƙanshin uwarsa a cikin mata goma, ta ci maki casa'in a kai, amma ba ta taɓa tambayar kanta dalilin da ya sa duk zazzaɓin da ta yi a duniya hannun Jenge take farkawa ta gani a goshinta ba.

"Apa." Muryarta ta zama ta wata daban. "Wa ya haife ni?"

"Ni ce uwarki."

"Ba shi na tambaya ba."

"Shi ne amsar."

"Apa, don girman Allah."

Tsohuwa ta ajiye carbi. Ba ta sunkuyar da kai ba, Kulpash Apa ba ta taɓa sunkuyar wa kowa kai ba.

"Kina da kwana arba'in marigayi mijina ya ɗauko ki ya sa min a cinya. Ɗan fari na kakanni ne, haka muka taras, haka iyayen iyayenmu suka yi. Ba sata na yi ba. Kelin tana da sha tara, Serikbol yana da ashirin da ɗaya, ko kansu ba su iya riƙewa ba. Ni na goya ki. Ni na tauna miki abinci. Ranar da kika fara tafiya ni na ɗaura miki zaren ƙafa aka yanke kamar yadda al'ada ta ce. Je ki duba takardar haihuwarki, sunan wa ke ciki?"

"Yaya Serikbol..."

"Yayanki ne. Haka za ki ci gaba da kiransa."

"Su Alibi, 'ya'yansa da suke ce min Gwaggo, ƙannena ne ke nan?"

Apa ta ɗauki carbinta ta ci gaba da ja.

"Duk ƙauyen nan sun sani?"

"Duk ƙauyen nan mutanen kirki ne, sun san abin da ba a faɗa."

"Ni kaɗai ce wawiya ke nan."

"Kul! Kar ki kuskura." Idon Apa ya kaɗa ya yi ja. "Kina tsammani ban san zafinsa ba? Nawa na farin uwar mijina ta ɗauke, ina gida ɗaya da shi. Yana da shekara tara ciwon huhu ya kashe shi, har ya cika Jenge yake ce min. A wajen makokinsa ni ke zuba wa mutane shayi, ita ake wa gaisuwa. Na mutu? Ban mutu ba. Na haƙura, har Allah ya kawo nawa lokacin ya ba ni ke."

Nazerke ba ta taɓa jin wannan labarin ba. Tausayi ya kama ta, haushi ya kama ta, ta rasa wanda za ta fara yi. Abin da ya fi ba ta kunya, ƙasa na tsagewa a ƙarƙashinta amma can cikin kanta wani abu bai daina ƙirga awa ba. Gobe. Ƙarfe goma.

Ƙofa ta buɗe.

Lazzat ce, ba buta a hannunta. Ta zo har gaban Nazerke, wurin da ba nata ba ne a teburin, ta durƙusa ta buɗe wani ɗan ƙyalle. A ciki wata 'yar leda ce ruwan goro, ba ta kai yatsa biyu ba, da zaren bandeji a jiki. Irin wadda ake ɗaura wa jarirai a hannu. Rubutun biro ya dushe amma yana karantuwa. Sunan Lazzat. Mace. 11 ga Yuli. 2700.

"A cikin rufin akwatin aurena na ɗinke ta," in ji ta. "Ki kai musu, 'Yar Gata."

"Kelin, kin ɗora hannu a kan burodi kin rantse."

"Na rantse, Apa."

"A kan teburin nan. Gaban marigayi."

"Ban manta ba. Kun ce in yaye ta a wata uku, na yaye, nonona ya kumbura har na yi zazzaɓi, ban yi magana ba. Ranar da ta shiga aji ɗaya ku kuka riƙe hannunta, ni ina baya da jaka. Ban taɓa sumbatarta a gabanku ba. Ban taɓa kiran sunanta ba, ko sau ɗaya, ko a ɓoye. Ba 'yarku nake nema ba, Apa, taku ce. Amma ba zan zauna ina zuba shayi a kira ta maƙaryaciya ba."

"Ji bakinta! Ashe kina da baki?"

"Yau kawai."

Nazerke ta ɗauki ledar. Ta kalli fuskar da take gani kullum, karon farko ta ga haɓarta a jikin wata.

"Jenge..." Kalmar ta maƙale mata. Wata kuma ba ta zo ba.

"Bar shi haka, kar ki wahalar da kanki," in ji Lazzat.

Apa ta dafa tebur ta miƙe, ba wanda ya taimaka mata.

"To na ji. Zan je. Ɗauko min kwat ɗina mai karammiski. Zan ce musu tsufa ne ya haɗa min haihuwa biyu. Kelin ta rubuta min lambobin nan a takarda, kafin mu isa Almaty na haddace."

"Sun ce da shaidar asibiti, Apa."

"Ki ce ta ɓata."

"Ba tambaya uku ba ce, arba'in da biyu ce. Za su tambaye ki abin da kika yi kwaɗayi da cikina. Za su tambaye ki awa nawa kika yi kina naƙuda, wa ya fara ɗaukata, yadda na kama nono. Malaman nan aikinsu ke nan, gane mai ƙarya. Sun kama ni ban yi ba. In suka kama ni na yi fa?"

"To a bar karatun! Dole ne?"

"Dole ne!"

Ba ta taɓa ɗaga wa Apa murya ba. Su ukun duka sai da suka razana.

"Dole ne, Apa," ta sake faɗa a hankali, hawaye na zuba. "Shi kaɗai ne abin da na zaɓa da kaina. Ashe ma shi kaɗai ne."

"Ki ji ni da kyau." Apa ta nuna Lazzat da yatsa amma Nazerke take kallo. "Matar nan in ta je gaban baƙi ta buɗe baki ta ce ita ta haife ki, an rubuta a takardar hukuma, to an tsige ki daga jikina ke nan ina raye. Gobe ƙauye ya ji Kulpash ta yi rainon banza, matar ɗanta ta ƙwace mata 'ya. Ba zan ga wannan ranar ba in yi shiru."

"Ba wanda zai ƙwace..."

Waya ta yi ƙara a cikin jaka.

Nazerke ta duba. Malama Zauresh.

Ta tsinke. Ta sake shigowa. Ba a ƙin ɗaga wa malama waya sau biyu ana gobe kwamiti.

"Malama, ina wuni."

"Kin isa gida?"

"Na isa."

"Ina ofishin shugaban sashe. Ya so a yanke hukunci yau a huta, ni na roƙa a jira ki, kar ki ba ni kunya. Masu gadi ba za su bar baƙo ya shigo ba sai da takarda, kuma yanzu za a kai musu. Za ta zo?"

Ɗakin ƙarami ne, muryar ta fita tar. Apa ta ji. Lazzat ta ji.

"Nazerke? Kina ji na?"

"Ina ji."

"Za ta zo ko ba za ta zo ba?"

"Za ta zo."

"To ba ni cikakken sunanta yadda yake a katin shaida."

Apa na tsaye, ta ɗaga haɓa tana jira. Lazzat na durƙushe, tana girgiza kai a hankali, ita kanta ba ta san me take hanawa ba.

Nazerke ta runtse ido. Ta damƙe 'yar ledar har zaren ya shige mata tafin hannu.

"Lazzat," ta ce. "Lazzat Omarkyzy."

"Dangantaka?"

"Mahaifiya."

"Na rubuta. Ƙarfe goma, kar ku makara."

Wayar ta mutu.

Ta buɗe ido tana shirin faɗuwa a ƙafafun Apa, ta ba ta haƙuri, ta rantse mata ba abin da zai canja. Sai ta ga tsohuwa ta ɗaga hannuwa biyu sama kamar mai shirin sa albarka.

Albarka da tafin hannu ake sa ta, wannan ko yaro ya sani. Nazerke sau ɗaya ta taɓa jin labarin wanda aka juya wa bayan hannu aka tsine masa, ana faɗa ana rage murya, don irin wannan bakin ba a janye shi ko an yi nadama.

Hannuwan Apa suka fara juyawa a hankali.

"Apa, a'a! Ni ce na faɗa! Ni ce!"

Amma ba ita Apa take kallo ba.

"Kelin," in ji tsohuwa. "Ɗago kanki."